Jarumi Mai Kabari da Jarumi Marar Kabari: Beowulf da Sadaukan Zamani



Kwanakin baya na kai wani jikana kasuwa in saya masa jakar makaranta. Mai shagon ya zube mana jakunkuna kusan goma, yaron nan bai kalli ɗinki ba, bai kalli zif ba, ya ɗora hannu a kan wadda aka zana wa wani mutum mai jan kaya da idanu kamar na fara. Na tambaye shi ko wane ne wannan, ya dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa jahili, ya ce, "Kaka, Spider-Man ne fa." Na biya kuɗin muka taho. A hanya nake tunanin cewa yaron da bai cika shekara bakwai ba ya san sunan wani jarumin birnin Niyok, ni kuwa na yi shekaru ina karantar da labarin wani jarumin da ya girme shi da shekara dubu, wanda ko ɗalibaina sai an matsa musu suke buɗe shi. Abin da ya haifi laccar yau ke nan.

Bari in faɗi inda na dosa tun yanzu, don wanda barci zai ɗauke a tsakiya ya tafi gida da wani abu. Idan ana batun ƙarfin damtse, tsohon jarumi da sabo duk kanwar ja ce. Inda suka rabu shi ne wajen suna, da wajen lada, da wajen mutuwa, kuma na ƙarshen nan ya fi sauran nauyi.

Tsohon jarumin nawa daga waƙar Angulo-Sakson ya fito. Su wane ne Angulo-Sakson? Ƙabilu ne da suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da yankin Denmak na yau, suka zauna a tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5, bayan Rumawa sun janye sojojinsu. Daga sunan ɗaya daga cikinsu, Angul, aka samo sunan Ingila. Sun zo da addinin gargajiya, Kiristanci ya fara shigarsu sosai daga shekarar 597, mulkinsu kuma ya ƙare a 1066 da Normandiyawa suka ci ƙasar. Babbar waƙar jarumtaka da suka bari ita ce Beowulf, mai layi 3,182, da tsohon Ingilishi wanda Baturen yau ba ya fahimta sai ya je makaranta. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, mutum biyu suka rubuta shi a kan fata wajen shekara ta 1000. A 1731 gobara ta tashi a gidan da ake ajiye littattafan Sir Robert Cotton a Landan, wuta ta lashi gefunan shafukan. Da iska ta ƙara kaɗawa kaɗan a daren nan, da yau wata laccar daban kuke saurare. Yanzu littafin yana Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya. Abin dariya, waƙar da Ingilishi ke taƙama da ita ba ta ambaci Ingila ko sau ɗaya ba, gaba ɗaya a Denmak da kudancin Suwidin labarin ya faru.

Ga labarin a taƙaice. Hrothgar, sarkin Denawa, ya gina wani katafaren zaure mai suna Heorot, inda baradensa ke taruwa a sha giyar zuma, mawaƙi ya yi waƙa, sarki ya raba zobba da mundaye na zinariya. Hayaniyar nan ta dami wani dodo mai suna Grendel da ke zaune a fadama, wanda mawaƙin ya ce daga zuriyar Ƙabila ɗan Annabi Adamu ya fito. A daren farko ya kwashe mutum talatin. Shekara goma sha biyu ana haka, zaure ya zama kufai da zarar rana ta faɗi. Sai wani saurayi daga ƙabilar Geat, Beowulf, ɗan 'yar'uwar sarkinsu Hygelac, ya ji labari, ya shigo jirgin ruwa da mutum goma sha huɗu. An ce ƙarfin mutum talatin ne a riƙon hannunsa. Ya ajiye takobi da sulke, ya ce tunda dodon ba ya riƙe makami shi ma ba zai riƙe ba, suka sarƙe da kokawa har ya tsinke masa hannu daga kafaɗa. Washegari da dare uwar Grendel ta zo ɗaukar fansa, ta kashe aminin sarki. Beowulf ya bi ta har ƙarƙashin tafki, takobin da aka ara masa ya ƙi cin ta, ya tsinci wani na ƙattan farko a jikin bango ya sare ta da shi. Ya koma gida, daga baya ya zama sarki, ya yi shekara hamsin a gadon mulki. Faɗansa na uku da macijin nan mai aman wuta zan ajiye shi sai can gaba, domin a nan ne maganata take.

Yanzu mu tsallaka teku da ƙarni tara. A birnin Cleveland na jihar Ohayo, wasu samari biyu 'ya'yan Yahudawa 'yan gudun hijira, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, suka ƙirƙiro Superman. Ya fito a mujallar Action Comics ta farko a 1938, ana sayar da ita santi 10. Lokacin Amurka ba ta gama farfaɗowa daga karayar tattalin arzikin 1929 ba, Hitila kuma yana ta zare ido a Turai. Batman ya biyo baya a 1939, daga hannun Bob Kane da Bill Finger. A ƙarshen 1940 Joe Simon da Jack Kirby suka fito da Captain America yana kai wa Hitila naushi a bangon mujalla, kusan shekara guda kafin Amurka ta shiga yaƙin duniya. Wonder Woman ta 1941 ce. Spider-Man na jikana kuwa ƙaninsu ne, Stan Lee da Steve Ditko suka haife shi a 1962.

Kamannin da ke tsakanin waɗannan da Beowulf a fili suke, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Duk suna zuwa ne su yi maganin abin da ya gagari masu gari. Yawancinsu ba a hannun iyayensu suka tashi ba: Beowulf yana ɗan shekara bakwai kakansa Sarki Hrethel ya ɗauke shi riƙo, Superman manoma ne suka tsince shi a Kansas, an kashe iyayen Batman a gabansa, Spider-Man a gidan kawunsa ya girma. Har ma an ce Geatawa sun ɗauki Beowulf rago ne yana yaro, kamar yadda abokan aikin Clark Kent, wato Superman a kayan gida, ke ganinsa sakarai mai tabarau. Mu ma nan ba baƙin irin wannan labari ba ne. Baƙon da ya sauka Daura da dare, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya ajiye kanta don ya zama shaida da safe, ɗan'uwan Beowulf ne da ya rataye hannun Grendel a ƙarƙashin rufin Heorot kowa ya gani.

To, wannan shaidar ita ce ta kawo mu kan suna. Da Beowulf ya sauka a gaɓar Denmak, mai gadin bakin teku ya tare shi da mashi ya tambaye shi asalinsa. Bai yi wata-wata ba, ya faɗi ƙabilarsa, ya faɗi ubangidansa, ya faɗi sunan mahaifinsa Ecgtheow. A gaban sarki kuma ya zayyana abubuwan da ya taɓa yi, ƙattan da ya ɗaure, dodannin ruwa da ya kashe. Da wani bafaden sarki mai suna Unferth, wanda giya da hassada suka ɗiba, ya ce ai an taɓa kayar da shi a gasar ninƙaya da wani Breca, Beowulf bai yi kawaici ba. Ya gyara labarin dalla-dalla, sannan ya tuna wa Unferth a bainar jama'a cewa shi fa 'yan'uwansa na jini ya kashe. Ɗaliban Turai na yau kan karanta wannan su ce mutumin nan ya cika fankama. Bahaushe ba zai yi wannan kuskuren ba, domin mun san kirari. Ɗan dambe da ya shiga fage ya ɗaga hannu ya yi kirari, bashi ya ci a gaban shaidu, kuma a fagen nan zai biya ko ya kwanta. Angulo-Sakson suna da kalma ta musamman ga irin wannan alwashi da ake yi a zaure da ƙoƙo a hannu, suna ce masa beot. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A al'ummar da ba ta da jarida, ba ta da takardar shaida, sunan mutum shi ne jarinsa, shi ne kuma kaɗai abin da suka yarda zai rage bayan an ƙone gawa.

Sadaukin zamani kuwa da rufe fuska ya fara. Batman yana da hular jemage, Spider-Man ya rufe har baki, Superman da bai rufe fuska ba ya ɓoye a cikin kwat da tabarau. Dalilin da marubutan ke bayarwa shi ne kare iyali daga maƙiya. Akwai wani dalilin da ba su cika faɗa ba: abin da jarumin nan yake yi laifi ne a dokar ƙasarsa. Mutumin da ke fita da dare yana dukan waɗanda yake zargi, ba shi da izinin kotu, ba wanda ya naɗa shi, in an san gidansa 'yan sanda za su fara zuwa kafin ɓarayi. Beowulf sai da ya nemi iso, ya jingine mashi a ƙofar zaure, sarki ya danƙa masa tsaron Heorot da bakinsa. Shi ya sa bai da abin ɓoyewa. A 2006 marubutan kamfanin Marvel sun gwada sa Spider-Man ya cire abin rufe fuskarsa a gaban 'yan jarida. Ba a daɗe ba suka ga labarin ya ƙi tafiya, suka nemo dabarar sihiri aka goge abin daga ƙwaƙwalwar duniya.

Wani abu ya faɗo mini a nan. A shekarar da Batman ya fito, wato 1939, masu tonon tarihi suka buɗe wani tudu a Sutton Hoo da ke gundumar Suffolk, suka tarar da alamar jirgin ruwa mai tsawon kusan mita 27 da aka binne wani babban mutum a ciki a farkon ƙarni na 7, da takobi da garkuwa da zinariya. Kafin nan wasu na ganin dukiyar da ake kwatantawa a Beowulf zuƙi-ta-malle ce ta mawaƙa. A cikin kayan akwai kwalkwali mai rufe fuska gaba ɗaya, da hanci da gira da gashin baki na ƙarfe. Ga fuska a rufe, amma duk wanda ya hango ta a fagen fama ya san mai ita. Don a gane shi aka ƙera ta.

Sai batun lada. A nan ne masu kallon fim kan ɗan yamutsa fuska. Beowulf an biya shi, kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Hrothgar ya ba shi tuta ta zinariya, da kwalkwali, da sulke, da takobi, da dawaki takwas. Sarauniya Wealhtheow ta ƙara masa da abin wuya. Tun ma kafin ya taso akwai tsohon bashi a ƙasa: mahaifinsa ya taɓa kashe wani mutum na ƙabilar Wylfing, gaba ta tashi, Hrothgar ne ya biya diyya ya kashe wutar. Saboda haka zuwan Beowulf Denmak akwai ramuwar alheri a ciki. Amma ku dubi abin da ya yi da kayan. Da ya isa gida ya shimfiɗa su gaban kawunsa Hygelac, shi kuma ya mayar masa da takobin gado da ƙasa mai faɗi da zaure nasa na kansa. Dukiya a wannan duniyar ba a tara ta, zagayawa take yi, kuma duk inda ta sauka ta ɗaura igiya. Barden da ya karɓi zobe a zaure ya san ranar da za a nemi ransa a madadinsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Da Hygelac ya mutu a wani hari da ya kai ƙasar Firisiya (wannan harin tarihi ya tabbatar da shi, domin Gregory na Tours ya rubuta shi, wajen shekara ta 520), matarsa Hygd ta miƙa wa Beowulf sarauta saboda ɗanta yaro ne. Ya ƙi, ya tsaya a bayan yaron har sai da aka kashe shi, sannan ya hau.

Superman ba ya karɓar ko sisi. Spider-Man yana ceton birni da dare, da safe yana fama da kuɗin haya, yana sayar wa jarida hotunan kansa, editan kuma yana zaginsa a shafin farko. A nan, jama'a, dole in yi adalci, ko da yake zuciyata tana wajen tsohon. Wa Beowulf yake karewa? Sarki da baradensa. Manomi da bawa da kuyanga kusan babu su a waƙar, sai bawan da ya saci ƙoƙo ya jawo bala'i, wanda za mu zo kansa. Kuma akwai wurin da nakan ji nauyin karantawa a aji. Daren da Grendel ya shigo, Beowulf yana kwance idonsa biyu, yana kallo dodon ya kama ɗaya daga cikin mutanensa, Hondscio, ya cinye shi har tafin ƙafa, don yana so ya ga yadda yake kai hari. Da safe sarki ya biya diyyar mamacin da zinariya, magana ta ƙare. Superman na 1938 kuwa, wanda a lokacin ko tashi sama bai iya ba sai dogon tsalle, a fitowarsa ta farko ya ceci wata mata da za a kashe bisa kuskuren shari'a, ya ladabtar da wani mai dukan matarsa, ya bi sawun masu sayen 'yan majalisa. Ba da jimawa ba ya kai wani mai mahaƙar ma'adinai cikin raminsa don ya ɗanɗana abin da leburorinsa ke sha. 'Ya'yan talakawa ne suka zana shi, shi kansa Siegel mahaifinsa ya rasu ne a 1932 lokacin da ɓarayi suka shiga shagonsa na tufafi. Jarumin da ke tsayawa wa wanda bai sani ba, wanda ba zai iya biyansa ba, ci gaba ne a tunanin ɗan Adam, kuma ban ga amfanin musun haka ba.

Yanzu ga macijin. Beowulf ya tsufa, shekara hamsin yana mulki, babu maƙwabcin da ya isa ya taɓa Geatawa. Sai bawan nan ya shiga wani kogo ya ɗauke ƙoƙon zinariya daga taskar da maciji ya kwanta a kai shekara ɗari uku. Maciji ya tashi ya ƙone ƙasar, har da zauren sarki. Tsoho ya sa aka ƙera masa garkuwar ƙarfe, ya ɗauki barade goma sha ɗaya, da suka isa ya ce su tsaya a gefe, wannan faɗan nasa ne shi kaɗai. Takobinsa ya gaza, wuta ta rufe shi. Mutum goma daga cikin waɗanda suka sha giyarsa suka karɓi zobbansa suka ruga daji. Saurayi ɗaya ya rage, danginsa Wiglaf, wanda bai taɓa fita yaƙi tare da ubangidansa ba sai ranar. Ya shiga wutar, garkuwarsa ta katako ta cinye, ya raɓa a bayan ta sarki, hannunsa ya ƙone, ya soki macijin a ƙasan wuya, Beowulf ya zare wuƙar ƙugunsa ya ƙarasa shi. Amma dafi ya riga ya shiga. Ya roƙi a kawo masa dukiyar ya gani da idonsa, ya cire abin wuyansa da kwalkwalinsa ya ba Wiglaf, domin ba shi da ɗa, ya yi wasiyya a gina masa tudun kabari a bakin teku inda matuƙan jiragen ruwa za su riƙa hangowa.

Ku lura da abin da mawaƙin ya yi bayan nan, don da ɗan fim ne da an sa kiɗa an tashi. Shi sai ya kawo manzo ya tsaya gaban jama'a yana lissafa maƙiyan da za su taso da zarar sun ji labari: Farankawa, Firisiyawa, Suwidawa, kowa da tsohuwar gabarsa. Wata mata Bageata ta tsaya gaban wutar da ake ƙona gawar tana kukan bauta da kisan da take hangowa. Dukiyar da sarki ya saya da ransa kuma aka mayar da ita cikin ƙasa tare da tokarsa, ba ta amfani kowa ba. An kashe dodo, an kuma rasa al'umma. Siffar ƙarshe da waƙar ta ba shi, bayan sauƙin hali da kyautata wa mutanensa, ita ce tsananin son yabo, kuma har yau masana na gardama ko yabo ne wannan ko zargi. J. R. R. Tolkien, wanda da yawanku kuka sani ta fina-finan zobe, malamin tsohon Ingilishi ne a Okasfod, kuma a wata lacca da ya yi a 1936 ya nuna cewa waƙar gaba ɗaya an gina ta ne a kan gaɓa biyu, tashin saurayi da faɗuwar tsoho. Ina tare da shi. Ƙarfin mutum talatin ba ya ba ni mamaki, abin da ke riƙe ni shi ne ganin mai wannan ƙarfin da furfura, yana zaune a bakin kogo yana tuna ƙuruciyarsa, ya san ba zai koma gida ba.

Wannan ne sadaukin zamani ba zai iya ba, kuma laifin ba na marubutansa ba ne. A ƙarshen 1992 kamfanin DC ya kashe Superman a hannun wani dodo mai suna Doomsday. Jaridu da talabijin suka ɗauka, mutane suka yi layi a shaguna, har da bugu na musamman a cikin baƙar leda da ƙyallen makoki na ɗaurawa a hannu. A 1993 ya dawo da ransa, gashinsa ma ya ƙara tsawo. An harbe Captain America a 2007, ya dawo a 2009. Peter Parker, wato Spider-Man, yana ɗan sakandare a 1962, yau fiye da shekara sittin, har yanzu saurayi ne. Haka maƙiyansu. Joker ya fito a 1940, an so a kashe shi tun a fitowar farko, edita ya hana, don ya ga kaya mai tafiya a kasuwa. Daga nan Batman ke kama shi, a kulle, ya tsere, a sake kamawa. Ana gaya mana Batman ba ya kisa saboda ɗabi'a, na yarda, amma ɗabi'ar ta yi daidai da lissafin akanta. Grendel sau ɗaya ya mutu.

Dalilin a bayyane yake. Beowulf mallakar mawaƙinsa ne da masu sauraronsa, in labari ya kai ƙarshe sai a ƙare shi. Superman kadara ce. Siegel da Shuster sun sayar da shi a 1938 a kan dala 130, suka yi shekaru suna shari'a ba nasara, Shuster idonsa ya raunana yana cikin talauci, sai a 1975 kamfanin ya ji kunyar surutun jama'a ya yanka musu fansho na dala 20,000 a shekara, ya mayar da sunansu kan mujallar. A 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya na mujallar nan ta santi 10 a kan dala miliyan 6. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan kusan dala biliyan 4, fim ɗaya daga cikin nasu, Avengers: Endgame na 2019, ya tara kusan biliyan 2.8. Wa zai binne saniyar da ake tatsa haka? Na san wani ɗalibi a can baya yana shirin ɗaga hannu ya ce ai Iron Man ya mutu a wannan fim ɗin, an yi masa jana'iza. Gaskiyarka, kuma ka lura shi ne wanda tun a fim ɗinsa na 2008 ya tsaya gaban 'yan jarida ya faɗi sunansa. Wanda ya yi kirari shi ya samu kabari, kuma wurin nan ne 'yan kallo suka yi hawaye. Sai dai a 2024 kamfanin ya sanar cewa ɗan wasan da ya fito a matsayinsa zai dawo a wata rigar, a mujallu kuwa Iron Man yana nan yana shawagi.

Kada ku ɗauka Angulo-Sakson makafin masoya jarumtaka ne. Akwai wata gajeruwar waƙa tasu, wadda layi 325 suka rage daga cikinta, a kan yaƙin Maldon na shekarar 991, kuma wannan yaƙin ya faru da gaske a gundumar Essex. Mahara 'yan Bikin (Viking) sun sauka a wani ɗan tsibiri, tsakaninsu da gaɓa akwai siririyar hanya da ruwa ke rufewa in ya cika. Mutum uku sun isa su tsare ta. Maharan suka roƙi a bar su su ƙetaro a yi faɗa a fili, dattijo Byrhtnoth, jagoran Ingilishi, ya yarda. Mawaƙin ya ɗora wannan a kan girman zuciya da ya wuce kima. Aka kashe Byrhtnoth, wani bardensa Godric ya haye dokin ubangidan ya gudu, mutane suka zaci jagoran ne ya juya, sahu ya watse. Kaɗan suka tsaya suka mutu a gefen gawarsa. A shekarar nan Sarki Ethelred ya biya maharan fam 10,000 na azurfa don su tafi, suka kuma dawo. Waƙar ta girmama waɗanda suka tsaya, ba ta kuma ɓoye cewa shawarar mutum ɗaya ce ta kai su ba. A fina-finan yau ana rushe rabin birni a faɗa ɗaya, da wuya a nuna maka wanda ya share ɓaraguzan, in an nuna ma, fim na gaba birnin ya miƙe kamar ba a yi ba.

In kun tambaye ni wa zan so ya zama maƙwabcina, Superman zan ce, ba na ko tantama. Ya fi Beowulf tausayi, ya fi shi sanin darajar talaka, kuma ba zai kwanta yana kallo a cinye yarona ba. In kuwa kun tambaye ni wane labari ne ya fi gaya mini gaskiya a kan jarumtaka, nawa take ci, wa ke biya, me ke faruwa da mutanen da suka jingina da mutum ɗaya har suka manta yadda ake riƙe garkuwa, to na tsohon ne, da tazara mai yawa. Jakar jikana tana nan, ban ƙwace ba, in ya ƙara girma zan ba shi labarin Wiglaf.

Roƙona ga ɗaliban sashen harsuna shi ne wannan. Akwai fassarar Seamus Heaney ta 1999 da Ingilishin yau, mai sauƙin samu ce. Ku fara daga inda bawa ya saci ƙoƙo zuwa inda mahaya goma sha biyu suka kewaye kabarin, wajen layi dubu ne. Ku zuba shi cikin Hausa, da kalmominmu na sulke da kwalkwali da kirari da diyya, waɗanda Ingilishin yau sai ya yi dogon bayani kafin ya kamo ma'anarsu. Duk wanda ya fara, ƙofar ofishina a buɗe take, mu zauna mu duba tare.